Kwalta ta shigo layi, yara sun koma cikin gida

Ranar da ɗan kwangila ya gama zuba kwalta a layinmu har guɗa aka yi, kuma ni ma ina cikin masu murna. Shekara da shekaru muna shan wahala: damina ta faɗi, taɓo har ƙauri, mai adaidaita ya ce ba zai shiga ba sai an ƙara masa kuɗi, rani ya shigo, ƙura ta hana mata shanya. Sai ga titi baƙi wuluk, miƙaƙƙe ɗoɗar tun daga bakin babban titi har ya ɓulla wanda ke bayan kasuwa. Wa zai ƙi wannan?

Ba a rufa wata uku ba muka fara gani a ƙwaryar shanmu. Direbobin da ke gudun cunkoson shataletale suka gano layinmu yanke ne. Da fari 'yan babur da masu adaidaita, sai ƙananan motoci, daga baya har tifar yashi da sassafe. Dattijon da ke zama a dakalin ƙofar gidansa daga la'asar zuwa magariba, wanda duk yaron da ya zo wucewa sai ya rusuna ya ce "Baba, ina wuni", ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure. Mai ƙosai ta ja kaskonta cikin lungu. 'Yan matan da ke zana 'yar gala-gala a ƙasa da samarin da ke langa aka kora su cikin gida, kullum da yamma abin da kake ji ta bayan katanga shi ne muryar uwa: "Kai! Dawo nan! Ban ce kada ka leƙa waje ba?" Wata rana da yamma mota ta kaɗe wata yarinya 'yar shekara shida da aka aika kai niƙa. Allah ya yi da sauran kwana, ƙafa ce ta karye. Washegari bayan sallar asuba aka yi karo-karo a ƙofar masallaci, aka sayo siminti, kafin azahar an gina tudun rage gudu guda uku a kan sabuwar kwaltar.

Tun daga ranar nake juya abin a raina. Ta yaya gyara zai mayar da ƙofar gidan mutum wurin tsoro? Amsar da na samu ita ce abu biyu ne mabambanta muke kira titi. Akwai hanyar wucewa, wadda aikinta shi ne ta kai ka Zariya ko ta kai ka ɗaya gefen gari cikin sauri. Akwai kuma ƙofar gida, inda ake shimfiɗa tabarmar zaman makoki da ta ɗaurin aure, inda 'yan garuwa ke tura kura, inda yaro ke koyon tafiya. Injiniyan da aka turo mana ya ɗauki ma'aunin ta farko ya ɗora a kan ta biyu: faɗi, miƙewa, santsi, babu abin da zai tsayar da ido. Aikinsa ya yi kyau bisa abin da aka koya masa. Matsalar tana cikin tambayar da aka ba shi ya amsa.

Lissafin gudu shi ne ginshiƙin maganar. Direban da hankalinsa ke kan tuƙi yana ɗaukar kamar sakan ɗaya tsakanin ganin yaro ya faɗo titi da ɗora ƙafa a kan birki. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin mita 8 a wannan sakan ɗin, birki ya tsayar da ita cikin wasu mita 5, jimla kamar mita 13 idan kwalta a bushe take kuma birki na da kyau. Wadda ke tafiyar kilomita 50 kuwa kusan mita 14 take ci kafin ma ƙafa ta taɓa birki. Wato a daidai wurin da mai 30 ya tsaya cak, yaro ya tsira da firgici kawai, mai 50 bai fara rage gudu ba, sai ya kai wajen mita 28 zai tsaya. Ƙarfin bugu kuma ninkuwa yake yi: na 50 ya kusa ninka na 30 sau uku. Wanda mota ta buge a 30 kamar ya faɗo ne daga tsayin mita uku da rabi, saman ɗaki ke nan. A 50 kamar daga mita 10 ne, bene hawa uku. To dokar hanya ta Najeriya kilomita 50 ta yarje wa ƙaramar mota a cikin gari, ba tare da bambanta babban titi da layin da yara ke wasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya duk shekara, hatsarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi daɗewa suna kokawa da wannan al'amari ita ce Holan, kuma jini ne ya koya mata. Bayan yaƙin duniya na biyu arziki ya buɗe, motoci suka cika gari, aka riƙa rushe tsofaffin gidaje ana faɗaɗa tituna. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a hanya, a ƙasar da jama'arta a lokacin miliyan 13 ne da 'yan kai, kuma sama da 400 daga cikinsu yara ne. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe masa 'ya a hanyarta ta zuwa makaranta, ya yi rubutu a jaridar De Tijd a 1972 yana kiran a daina kisan yara. Kisa ya ce, bai ce tsautsayi ba. Kalmar ta zama sunan ƙungiya, Stop de Kindermoord, wadda wata matashiyar uwa mai suna Maartje van Putten ta shugabanta. Sukan tare layi su fito da tebura da kujeru su ci abinci a tsakiyar titi, sukan yi dafifi a wuraren da aka kaɗe yara. A unguwar De Pijp ta Amsterdam yaran firamare da kansu suka fito neman a bar musu layin wasa, aka nuna su a talabijin ana kafa shinge, direbobi na fitowa a fusace suna turewa. Sai kuma ga takunkumin man fetur na 1973, wanda ƙasashen Larabawa suka sa Holan a cikin waɗanda ya shafa kai tsaye. Gwamnatin Joop den Uyl ta hana tuƙa mota ranar Lahadi tun daga Nuwamba na tsawon makonni. Mutane suka fito suka ga garinsu shiru, yara na tuƙa keke a kan manyan tituna, manya suka tuna yadda layinsu yake kafin mota.

Zanga-zanga dai ba ta gina titi. Abin da za a gina ya fito ne daga gwaje-gwajen da aka fara a ƙarshen shekarun 1960, musamman a garin Delft, inda mazauna wasu tsofaffin layuka da wani injiniyan gari, Joost Váhl, suka riƙa sa bishiyoyi da benci da tudu a kan hanyar mota. Sunan da abin ya samu shi ne woonerf, kalmar da ake jingina wa masanin tsara gari Niek de Boer. Ma'anarta kusan farfajiyar mazauna, ko mu ce ƙofar gida.

Ka ɗauka kana tuƙi za ka shiga irin wannan layi. Tun a bakinsa sai tayarka ta hau wani ɗan dandamali, irin yadda kake hawa idan za ka shiga harabar gidan wani, jikinka ya gaya maka ka bar titi. Ƙasa ba kwalta ba ce, jan bulo ne da aka jera, yana ɗan gurnani a ƙarƙashin taya. Babu dakalin gefe da ya ware masu ƙafa, daga bango zuwa bango shimfiɗa ɗaya ce. Ba ka hango ƙarshen layin, domin 'yan mitoci kaɗan a gabanka akwai bishiya a inda kake zaton hanya ce, sai ka karkata hagu. Gaba kaɗan motoci biyu ne a ajiye, sai ka karkata dama. Ga benci, ga kekunan yara a yashe. Babu ɗan sanda, amma ƙafarka ta sauka daga kan totur da kanta. A 1976 gwamnati ta sa wannan tsari cikin doka: mai tafiya a ƙasa yana da ikon bin duk faɗin layin, yara na da ikon wasa a kai, mota za ta bi da saurin tafiyar ƙafa, abin da daga baya aka tsayar a kilomita 15, kuma ba a ajiye ta sai inda aka shata.

Woonerf na da tsada, don sai an tone layi gaba ɗaya an sake shi. Saboda haka daga farkon shekarun 1980 suka koma ga abin da ya fi araha, wato mayar da unguwa sukutum yankin gudun kilomita 30 da tudu da matse mahaɗa. A shekarun 1990 cibiyar binciken haɗurran hanya ta ƙasar, SWOV, ta fito da tsarin da ya ɗinke komai, gwamnatin ƙasa da ƙananan hukumomi suka rattaba hannu a kai a 1997. Tushensa magana ce da kowane mai hankali zai yarda da ita: ɗan Adam ajizi ne, zai yi kuskure, jikinsa kuma ba ƙarfe ba ne, don haka a gina hanya ta yadda kuskure ba zai zama ajali ba. Suka kasa tituna gida uku: na tafiya mai nisa, na rarraba motoci tsakanin unguwanni, da na shiga gida. Kowane titi sai ya zaɓi aiki ɗaya, siffarsa kuma ta nuna aikin. Yau jama'ar Holan sun kai miliyan 18, motoci sun ninka, amma masu mutuwa a hanya a 'yan shekarun nan ba sa kaiwa 800 a shekara, yara kuma sun sauko daga sama da 400 zuwa ƙasa da 30. Adalci ne a ce ɗamarar kujera, da yaƙi da tuƙi cikin maye, da ingancin motoci da asibitoci duk sun taka rawa. Amma ba su daina matse gudu ba: a Disambar 2023 Amsterdam ta mayar da kashi 80 cikin 100 na titunanta kilomita 30.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne direba titi yake karantawa, allo kuwa kallonsa kawai yake yi. Ingila ta gwada duka biyun. A Landan, binciken da ya bi diddigin shekarun 1986 zuwa 2006 ya nuna yankunan da aka mayar da gudunsu mil 20 a awa, wato kamar kilomita 32, tare da gina tudu da sauya siffar titi, waɗanda suka ji rauni ko suka mutu sun ragu da kusan kashi 42 cikin 100, kuma ƙananan yara ne suka fi cin moriyar. Inda kuwa aka kafa allo kawai aka bar titi yadda yake, rahoton da ma'aikatar sufurinsu ta fitar a 2018 ya samu gudu bai ragu da abin da ya wuce kamar mil ɗaya ba. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da kyamara da tara mai isa har gida, ina ga wurin da allon ma ba ya kwana biyu 'yan gwangwan ba su cire shi ba? Titi mai faɗi kuma miƙaƙƙe yana kiran gudu. Kwana mai faɗin baki tana ba mota damar shiga layi ba tare da taka birki ba, sannan tana tsawaita tazarar da tsoho zai tsallaka. Motar da aka ajiye dab da mahaɗa tana ɓoye yaron da tsayinsa bai kai gilashinta ba, shi kuma yaro ɗan shekara shida ko bakwai bai iya auna saurin abin da ke tunkaro shi ba, komai yawan faɗan da aka yi masa a gida.

Wannan ya dawo da ni kan tudun da muka gina. Ina girmama niyyar da ta gina shi, domin iyaye ne suka ga jinin 'yarsu suka yi abin da hannunsu zai iya. Amma tudu ma yana da ilmi. Wanda masu bincike a Ingila suka tsara tun shekarun 1970 tsawonsa mita 3.7 ne a kwance, tsayinsa kuma bai wuce santimita 10 ba, yawanci ma 7 da rabi ake so. Mota na hawa ta sauka lafiya idan tana tafiya a hankali, ta jijjiga mai ita idan ya yi sauri. Ana fenta shi, ana sa shi inda akwai haske, ana jera su kusa da juna, ƙasa da mita 100, don kada direba ya samu filin sake taka wuta. Namu kuwa siriri ne kamar kunyar gona, tsayinsa ya kusa na bulo, launinsa ɗaya da kwalta. Da dare ya kayar da mai babur da matarsa a baya. Ƙaramar mota sai ta karkace take hawa, cikinta na gurzar siminti. Mai naƙuda da ake gaggawar kaiwa asibiti tana jinsa har cikin ƙashi. Ya tare ruwan sama, ruwan ya kwanta ya fara cin kwaltar da muka yi wa guɗa. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan babur sun koyi kewaye shi ta gefe, ta jikin ƙofar gida, daidai inda yaro ke tsayawa idan an ce kada ya hau titi. A gaban masallaci da Islamiyya, abin da ya fi dacewa shi ne dandamali mai faɗi mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda yara za su tsallaka a kansa, mota ta hau a hankali ta sauka.

Ko da tudun ya yi kyau, bai taɓa tushen ciwon ba. Yawancin masu gudu a layinmu ba 'yan layin ba ne. Wanda zai tsaya a gida na biyar, wanda ya san 'ya'yan maƙwabcinsa da sunansu, ba ya gudu. Mai yanke ne ke gudu, don abin da ya shigo da shi ke nan. Garin Groningen ya magance wannan a 1977 ta hanyar da ta tayar da ƙura: aka raba tsakiyar gari gida huɗu, mai ƙafa da mai keke su ratsa yadda suka ga dama, mai mota kuwa idan zai tashi daga wani kaso zuwa wani sai ya fita titin da ya kewaye su ya zagayo. Kowane gida da kanti mota na isa gare shi, ratsawa ce kawai aka hana. 'Yan kasuwa sun yi ta kukan za a kashe musu ciniki, matashin ɗan siyasar da ya tsaya kan lamarin, Max van den Berg, ya sha suka, tsarin kuma yana nan har yau. A ƙaramin layi, turaku biyu ko uku na ƙarfe a wuri guda sun isa yin wannan aiki. A wurinmu dai turakun ba za su tare babur ba, don haka siffar layin sai ta yi sauran aikin. Kuma akwai tarko: idan layi ɗaya ya toshe kansa, motocin za su koma layin baya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Unguwa gaba ɗaya ake zaunawa a duba, a yarda wane titi ne zai ɗauki masu wucewa, shi kuma a ba shi haƙƙinsa: dakalin masu ƙafa mai faɗi, wurin tsallakawa, fitila. Mutanen da ke zaune a bakin wannan titin su ma suna da 'ya'ya, kuma sau da yawa su ne masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai asarar da ba a rubuta ta a rajistar asibiti. A ƙarshen shekarun 1960 wani malamin tsara birane, Donald Appleyard, ya ɗauki layuka uku masu kama da juna a San Francisco ta Amurka. Bambancinsu yawan motoci ne: ɗaya kamar 2,000 a rana, ɗaya 8,000, ɗaya 16,000. Ya bi gida-gida yana tambaya. Mutumin layin da motoci suka fi ƙaranci yana da abokai kamar uku a layin da 'yan gaisuwa shida. Na layin motoci abokinsa bai cika ɗaya ba, 'yan gaisuwa uku. Da ya ce su zana inda suke ɗauka gidansu ne, na farko suka zana layin duka, na ƙarshe wasunsu iya ɗakinsu suka zana. Shi kansa Appleyard hatsarin mota ne ya yi ajalinsa a Girka a 1982.

Idan Ba'amurke mai rufe ƙofarsa ya yi irin wannan asara, tamu ta fi yawa, don mu rabin rayuwarmu a waje take. Majalisar dattawa a waje take, alwalar magariba a waje, sahun Juma'a da na jana'iza har kan titi yake malalowa. Sannan akwai abin da masu zana titi ba sa sawa a lissafi: a gidaje da yawa mace tana ciki, yaro ne ƙafarta. Shi ke kai niƙa, shi ke sayo kayan miya, shi ke kai wa maƙwabciya ƙwaryar abinci, shi ke fita da tallar abin da ta sarrafa. Ranar da layi ya gagari yaro, sana'ar uwar da zumuncinta ne suka gurgunce. Kuma dattijon nan da ya koma zaure, shi ne mai gadin da ba a biya. Baƙon fuska ba ya wucewa bai tambaye shi "Samari, wa ake nema?" ba. Layin da mutane suka janye daga cikinsa, dogayen katangu suka juya masa baya, shi ne layin da ake ƙwacen waya da rana tsaka.

Wanda ya taɓa ratsa lungunan cikin birnin Kano ko na Zazzau ko tsohuwar unguwar Birni a Damagaram zai ga kamannin da ke tsakaninsu da abin da mutanen Delft suka ƙirƙiro: hanya mai lanƙwasa, ta matse nan ta buɗe can ta zama ɗan fili, zaure na kallon hanya, inuwar bango na sauka a kan mai tafiya. Ba wanda ke iya gudu a ciki. Inda aka shimfiɗa wa irin waɗannan lunguna intalok aka gyara kwata, an samu tsafta ba tare da an kira gudu ba. Sai dai ba na cikin masu cewa a koma lungu. Na ga mara lafiya da aka ɗauko a baro har bakin titi don mota ba ta shiga, kuma kowa ya san yadda gobara ke cin gidaje motar kashe ta na tsaye a nesa. Layi na bukatar sarari kamar mita uku da rabi zuwa huɗu da ba a toshe ba, don motar asibiti da ta kwana-kwana da ta kwasar shara. Abin lura shi ne wannan faɗin ya ishi layin zama. Sauran filin da ke tsakanin bango da bango, wanda muke malalawa da kwalta, shi ne wurin bishiya da dakali da ajiye mota.

Mu kuma muna da namu larurorin da Holan ba ta da su. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, layin da ba inuwa ba ya zaunuwa ko da mota ɗaya ba ta bi ta cikinsa ba. Darbejiya a nan aiki biyu take yi: ta ba da inuwa, ta kuma matse titi a idon direba. Buɗaɗɗiyar kwata a gefe biyu tana cinye wurin da mai ƙafa zai bi, ta tura shi tsakiyar titi, ta zama ramin da yaro da makaho ke faɗawa. Rufe ta da silab mai ɗaguwa, don a riƙa yashewa, yana ba da hanyar ƙafa kusan a kyauta. Sai dai mu ma mazauna muna da laifi: wannan ya zubo gangaren garejinsa har titi, wancan ya kafa janareta da rumfar kanti a kan hanya, wani ya sauke yashin gini ya bar shi shekara. Makafi kuwa suna da ƙorafi na gaskiya a kan shimfiɗa ɗaya marar dakali, don sanda ba ta samun abin bi. Saboda irin wannan kuka ne gwamnatin Birtaniya ta nemi a dakatar da sababbin ayyukan irin wannan shimfiɗa a 2018. A layi mai ɗan motsi, gefen da mota ba ta hawa ko kaɗan wajibi ne.

Duk inda aka taɓa gudun mota sai an yi rigima. A Satumbar 2023 yankin Wales ya mayar da yawancin titunan unguwanni mil 20, mutum sama da 460,000 suka sa hannu a takardar neman a soke. A shekarar farko waɗanda suka ji rauni a waɗannan tituna sun ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, duk da haka gwamnati ta yarda a sake duba wasu hanyoyin da dokar ba ta dace da su ba. Mai adaidaita da ke biyan balas kullum yana da hujja idan ya ce zagaye mai ne, mai kuma kuɗi ne. Amma a layi mai tsawon mita 500, bambancin tafiyar 50 da ta 30 sakan 24 ne. Maganar tsada kuma ta danganta da lokaci. Idan an riga an zuba kwalta, kowane gyara fasa aiki ne da sabon kashe kuɗi. Idan tun a takarda ne, rage faɗin kwalta rage kuɗi ne, rarar ta isa silab da bishiyoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Watan jiya aka zo aka kafa turakun awo a layin bayanmu. Da daddare na samu mai unguwa a ƙofar gidansa, bayan an gaisa na ce, "Ranka ya daɗe, kafin motocin nan su iso, ya kamata mu ga zanen." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, mu da muke roƙo a yi mana, mu ne kuma za mu sa sharaɗi? Kada su ɗauke aikin su kai wata unguwa." Tsoronsa na gaskiya ne, ni ma ina jinsa. Amma mahaifin yarinyar nan yana zaune a gefen tabarma, ya ce shi zai je ko da shi kaɗai ne. Washegari mu biyar muka auna layin da igiya daga bango zuwa bango, muka rubuta abu huɗu a takarda: a rage faɗin kwaltar, a rufe kwata ta zama hanyar ƙafa, a yi dandamalin tsallakawa a gaban Islamiyya, kada a sare darbejiyoyi biyun da ke tsakiyar layin, titin ya kewaye su. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, matan layin suka aiko da sunayensu a bayan takardar ta hannun yara. Injiniyan ya karɓa ya karanta a tsaye, ya ce zane ya riga ya wuce ofishinsu, amma maganar bishiyoyin da ta dandamalin zai kai gaba. Ranar Litinin za mu koma.